Kun tsallake na gida a tarihin 23 ga Yuni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Filinku na tarihin ranaku ba ya wuce ni, amma na 23 ga Yuni ya bar ni da ƙorafi. Kun kawo haihuwar Zinedine Zidane a 1972, kun kawo ƙuri'ar da mutanen Birtaniya suka kaɗa a 2016 ta ficewa daga Tarayyar Turai. Na gida fa?

A ranar ce, cikin 1993, gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, wanda aka yi imanin M.K.O. Abiola ne ya lashe. A ranar ce kuma, shekara guda cif bayan haka, gwamnatin Abacha ta kama Abiola a nan Legas, bayan ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Epetedo. Bai ƙara kwana a gidansa ba har Allah Ya karɓi ransa a tsare, ranar 7 ga Yuli, 1998.

Lokacin da aka soke zaɓen ina yaron wani mai albasa a kasuwar Mile 12. Cikin makonnin da suka biyo baya gari ya rikice, kowa sai maganar yaƙi. Tirelolin da suka sauke shanu da tumatir suka riƙa komawa Arewa maƙil da mata da yara, katifu a ɗaure a sama. Maigidana ya tura iyalinsa Sakkwato, mu muka zauna gadin buhunan albasa, ga damina, har suka fara tsiro suna wari ba mai taya su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan Yarabawan da muka saba ciniki da raha, suka koma yi mana kallon da hannunmu a ciki. Alhali Kano, mahaifar Bashir Tofa da ya kara da Abiola a zaɓen, Abiola ta zaɓa, mataimakin Abiola kuwa Babagana Kingibe ne, mutumin Borno.

Tun da Buhari ya mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya a 2018, yaranmu hutun kawai suka sani. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a lafiya lau aka tashi. Wahalar daga 23 ga wata ta fara.

Don Allah baɗi ku sa ta. In da hali ma ku turo wakilinku Agege da Idi-Araba da Mile 12 ya zauna da dattawan da suka ƙi gudu, don kullum raguwa suke yi.

Naku,
Mai sayar da albasa,
Mile 12, Legas