Rahoton Kwamitin Aikin Kwalbati Da Lambatun Unguwa

Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Alhamdulillahi aikin kwalbatin bakin masallaci ya kammala, an fasa tsohuwar nan mai bututu daya an zuba sabuwa mai kofa biyu da kankare da rodi, an kuma yashe lambatu tun daga layin makaranta har inda yake fadawa babbar kwata mai gangarawa Jakara. Rasit din siminti da yashi da kudin leburori duk suna wajen ma'aji, mai son gani ya je ya duba.

To sai maganar ma'aunin ruwan sama da muka kafa, wanda wasu ke cewa barnar kudi ce. Iyayenmu a yi hakuri a saurare mu. Injiniyan da ya taimaka mana, dan unguwar nan ne, ya zuba lissafi a kwamfuta don ya san fadin kwalbatin, abin da ya samu kuwa jimillar ruwan yini ce ta tashar NiMet, hukumar kula da yanayi ta kasa, da ke filin jirgin Malam Aminu Kano, alhali kowa ya san ruwan Kano, sai a tafka a Sabon Gari amma Dorayi ko digo babu. Kuma milimita 40 da ta sauka a hankali tun safe har dare daban take da milimita 40 cikin awa daya a watan Agusta, ta biyun ce ke shiga mana dakuna. Milimita 1 kacal a fili mai hekta 1 lita 10,000 ce fa, ga rufin kwano da siminti ko'ina, kasa ba ta samun shan komai. Shi ya sa injiniyan ya kara wa kwalbatin fadi, shi ya sa kuma muke bukatar namu ma'aunin da zai nuna karfin ruwan unguwar nan.

Haka batun kazanta. Ruwan farko mai karfi shi ke kwashe leda, bakin mai na gareji da ruwan masai ya tura su Jakara har dam din Wasai, can kuma mutane ke noman latas da kabejin da muke saye. In lissafi bai kama karfin ruwan ba, dattin ma zai nuna kadan ne.

Mun kafa ma'aunin a tsakiyar filin makaranta nesa da darbejiya da katanga, irin mai dan cokali ne da ke kifewa duk milimita 0.2 yana rubuta lokaci. Malamai biyu za su rika share mazurarin saboda kura da kashin tsuntsu. An sa ragar karfe a bakin kwalbatin, don Allah matan gida a daina aiko yara da shara in hadari ya taso. Saura murfin lambatu na gefen kasuwa, za mu tattauna shi ranar Asabar bayan la'asar.