Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Gwaji, Horo da Kwantiragi

'Yan uwa mambobi, ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a bana.

Mafi yawan zamanmu ya tafi ne a kan gwajin neman rol a fim da ake ɗauka da waya. Tun annobar korona ta 2020, masu zaɓen 'yan wasa da dama ba sa tara mutane a ɗaki, sai su turo 'yan shafuka su ce mutum ya ɗauki kansa ya aiko. Da muka kalli bidiyon juna, kurakuran kusan iri ɗaya ne: taga a bayan mutum, fuska ta yi duhu, waya a tsaye maimakon a kwance, muryar mai karanta ɗaya rol ɗin ta danne ta ɗan wasan saboda shi ne kusa da wayar. Yanzu kowa ya san ya kafa wayar daidai idonsa, haske a gabansa, a ɗauko shi daga ƙirji zuwa kai.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne karɓar gyara. A wani zama, wata 'yar uwarmu ta kawo haddarta ba tuntuɓe ko ɗaya. Mai horarwa ya ce mata, "Sake yi, amma kamar kina ɓoye fushin." Ta maimaita yadda ta yi da farko, har ɗaga gira a wuri guda. Ba ita kaɗai ba ce, yawancinmu haka muke. Darakta kuwa idan ya ce a sake, so yake ya ga ko za a iya aiki da mutum ranar ɗauka. Shi ya sa muka koma ga tambayoyin da Stanislavski, shahararren daraktan wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Rasha, ya bar wa 'yan wasa: wane ne ni, ina nake, me nake nema a wurin wanda ke gabana? Da ta amsa su, muryarta ta sauka da kanta.

Mun kuma zauna kan kwantiragi. Mun duba yajin aikin kwana 118 da ƙungiyar 'yan wasan fim da talabijin ta SAG-AFTRA ta yi a Amurka a 2023, wanda ya kai ga sharaɗin neman izinin ɗan wasa kafin a kwaikwayi fuskarsa ko muryarsa da ƙirƙirarriyar basira. Matsayinmu bai canza ba: kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, kuma duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya gwada ku, ku sanar da kwamiti.

Inda muka gaza shi ne alkawarin haɗa wa kowane mamba gajeren bidiyon ayyukansa da sabon hoton fuska. Ba mu kammala ba, laifin kuma namu ne. Da shi za mu buɗe sabuwar shekara, don haka kowa ya miƙa wa sakatare fitowarsa biyu mafi kyau kafin taro mai zuwa.