Maganar infoma ba hujja ba ce

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan infoma, waɗanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da 'yan sanda ke dogaro da su wajen kama dilolin ƙwaya a nan Bauchi. Ana bukatarsu, babu ja. Jami'i ba zai shiga dabar 'yan sara-suka ya ce a ba shi tiramol ko ƙullin wiwi a kasa gane shi ba, sai dai ɗan ciki. Shi ya sa Dokar Shaida ta 2011 ta ce ba za a tilasta wa jami'in bincike ya faɗi inda ya samo labarin laifi ba.

Sai dai wane ne infoman? Galibi wanda aka kama ne da ɗan kaya, aka ce ya kawo babba a sassauta masa, ko mashayi mai neman na kashewa, ko kuma dila da ke son a kawar masa da abokin kasuwa. Wannan na ƙarshe shi ne annoba. Zai tsegunta kowa a unguwa, kasuwa ta zama tasa shi kaɗai, yana sayarwa a inuwar jami'in da ke riƙe da shi. Na farkon kuwa, in aka yanka masa yawan mutanen da zai kawo ya rasa, sai ya cusa ƙwaya ƙarƙashin kujerar wani mai keke napep. Shari'ar irin wannan a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma kafin gaskiya ta bayyana mutum ya sha zama.

Maganin bai wuce bin ƙa'ida ba. A yi wa infoma rajista a ofis da lambar sirri, kada ya zama yaron jami'i guda. Jami'ai biyu su riƙa ganawa da shi. Kafin a tura shi sayen gwaji, wato ya sayo ƙwaya a wurin dila don a samu hujja, a caje shi tas, a rubuta lambobin takardun kuɗin da aka ba shi, a sa masa ido har ya dawo, a sake caje shi. In aka tsallake cajin farko, ba mai iya rantsewa cewa ba daga aljihunsa kayan suka fito ba. Abin da aka kama a gwada shi, a auna, a liƙe a gaban wanda ake zargi, ya sa hannu. Lada kuma a biya da rasit, gwargwadon ingancin labari, ba yawan kawuna ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba kada a sa shi sam.

Shi kansa infoman rayuwarsa na cikin haɗari. Kai samame minti kaɗan bayan ya bar wurin tamkar nuna shi ne da yatsa, kuma Bauchi gari ne da kowa ya san ɗan gidan wane. A bar kwanaki su shuɗe, wasu masu saye su shiga su fita. An kafa dokar kare shaidu tun 2022. Ina kira ga rundunar NDLEA ta jiha ta bayyana wa jama'a irin kariyar da take ba wanda asirinsa ya tonu, da ofishin da wanda aka yi wa cushe zai kai kuka.

Wassalam,
Wani lauya daga Bauchi