Zuwa ga kamfanin da ya ƙera wayata: mimorina ya kulle kuma ku ne sila

Assalamu alaikum. Na je ofishinku sau biyu ba wanda ya ba ni amsar kirki, shi ya sa na kawo maganar nan fili kowa ya gani.

Bara na sayi wayarku, da na ga wurin ajiyarta ya yi kaɗan sai na ƙara mimori mai giga 64. Ina sakawa ta watso min tambaya da Turanci, wai in bar katin a matsayin na cirewa ko in haɗe shi da cikin waya. Ni dai wuri nake nema, na danna na biyun, ta yi fomatin ta wuce. Wata takwas muna lafiya, rannan da safe waya ta tsaya a kan tambarinku ta ƙi gaba ta ƙi baya, na kai ofishinku yaron ya karɓa ya ce filashin za a yi, ko tambayata bai yi ba ko akwai mimori a ciki, ya dawo min da ita tana aiki amma katin wai sai an sake fomatin kafin ta karanta.

Na cire na sa a kwamfuta, babu komai. Na sa a wayar ƙanena, ita ma fomatin take nema. Sai da na je Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wani mai gyara ya zaunar da ni ya ce tun Android 6 da ta fito a 2015 haka tsarin yake, in ka haɗe kati da waya kulle shi take yi, makullin kuma a cikin wayar yake zama ba a katin ba, filashin ɗin da yaronku ya yi shi ya goge makullin. Wallahi sai da na ji jiri. Hotunan sunan 'yata suna ciki, da saƙonnin muryar Baba na watan da ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana ce min in daina tuƙin dare. Su nake ji in na yi kewarsa.

Dan Allah a layi na nawa kuka rubuta wannan gargaɗin yadda talaka zai gane? Kuma me ya hana ma'aikacinku ya buɗe baki kafin ya taɓa?

Ba shi ke nan ba. Na sayi wani 64 ɗin na kai wa mai turi ya cika wa Hajiya karatu da wa'azi, a 'yar rakani-kashinku da take riƙewa, ta ƙi gani sam. Ashe ita iyakarta giga 32 ne kuma tsarin fomatin da ake kira FAT32 take ci, shi kuwa 64 da wani tsarin daban mai suna exFAT yake zuwa. A kwalin kawai kun rubuta tana ɗaukar mimori, wane iri oho.

Abin da nake so, ku sa gargaɗin nan da Hausa baro-baro a allo, ku rubuta iyakar giga a jikin kwali, ku koya wa yaranku su dinga tambaya. Sannan wani babba a cikinku ya kira ni, lambata tana kan rasit ɗin gyaran. Katin farko da ya kulle yana nan na naɗe shi a takarda cikin walat, ban yi masa fomatin ba, kuma ba zan yi ba sai na ji daga bakinku.

Naku,
wani kwastoma daga Kano