Wasiƙar Godiya ga Ofishin Walwalar Marasa Lafiya da Tafintocinsa na Maganar Hannu

Zuwa ga shugabar ofishin da dukkan ma'aikatanta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa yadda kuka riƙe amanar yayata a lokacin da ta yi jinya a asibitinku a nan Legas. Ban ambaci sunan asibitin ko na wani mutum ba, saboda da na nemi izinin Yaya ta yarda a ba da labarin da sharaɗin kada a gane ta, kuma wannan neman izinin ma a wurinku na koye shi.

Yaya kurma ce tun haihuwa. A Kano ta girma, ba ta samu shiga makarantar kurame ta Tudun Maliki ba, saboda haka harshenta shi ne maganar hannu irin ta ƙasar Hausa, wadda kurame suke koya daga junansu a unguwa da kasuwa. Bayan rasuwar mijinta ta dawo wurinmu a Agege. Ta daɗe tana fama da zubar jini da jiri, kuma duk asibitin da muka je ni ne bakinta, alhali ni ƙanenta ne namiji, akwai abubuwan da kunya ba za ta bar ta ta nuna mini ba, ni ma ba zan iya tambayarta ba. Da muka zo wurinku aka yi mata hoton ciki, likita ya ce ƙari ne a mahaifa, kuma sai an yi tiyata.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne gaskiyar tafintar da kuka turo. Bayan ɗan lokaci da zama da Yaya, sai ta dakata ta shaida wa likita cewa ba ta fahimtar ta yadda ya kamata, domin ita maganar hannu ta makaranta ta koya, wadda tushenta daga Amurka yake, tun lokacin da Andrew Foster ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, alamominta kuwa sun sha bamban da na Kano. Da ta so, da ta ci gaba da kintace ta gama aikinta ta tafi, babu wanda zai gane a cikinmu. Sai ta nemi a ɗaga zaman zuwa washegari, ofishinku ya nemo wata baiwar Allah, kurma 'yar Arewa, wadda ta iya harsunan biyu, domin su yi aikin tare. Kafin a shigo da ita kuma sai da aka nuna wa Yaya ita daga nesa, aka tambaye ta ko ta san ta kuma ko ta amince ta ji sirrinta, domin kuramen Hausawa da ke Legas ba su da yawan da za su kasa sanin juna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a bakin ƙofar ɗakin likita. Na ja tafinta ta farko gefe na roƙe ta, na ce idan likita ya kawo maganar cire mahaifa kada ta isar, ta ce wa Yaya ƙaramin aiki ne kawai, mu 'yan'uwanta za mu yanke shawara mu sa hannu. Tausayi ne ya sa na faɗi haka, kuma haka da yawanmu muka saba yi wa marasa lafiyarmu. Ta saurare ni har na gama, sannan cikin ladabi ta ce mini duk abin da aka faɗa a ɗakin nan za ta isar da shi ba ragi ba ƙari, domin jikin na Yaya ne, kuma da tana ji da kunnenta babu wanda zai iya toshe mata shi. Ta ƙara da cewa idan ina tsoron kada labarin ya yi mata nauyi, in gaya wa likita ya bi da ita a hankali. Na ji zafin maganar a ranar. Yau ita ce babban dalilin wannan wasiƙa.

Da aka shiga, ta roƙi likita ya dubi Yaya idan yana magana, ita kuma ta koma gefensa inda haske yake sauka a hannuwanta. Likita ya yi bayanin cewa irin wannan ƙari galibi ba ciwon daji ba ne, kuma hanya biyu ce, ko a cire ƙarin a bar mahaifa da yiwuwar ya sake fitowa, ko a cire mahaifar gaba ɗaya. Yaya ta yi tambayoyin da ban taɓa sanin suna ranta ba, har da batun haihuwa idan Allah ya sa ta sake aure, a nan ne kuma ta nemi in fita, na fita. Daga baya ta gaya mini cewa ta tambayi tafintar wace hanya za ta zaɓa da ita ce, amma ta ƙi ba ta ra'ayinta, ta mayar da tambayar ga likita. Yaya ta zaɓi a bar mata mahaifarta, ta dangwala yatsa a takardar amincewa da kanta bayan an bi mata ita layi bayan layi.

Ranar tiyata ma tafintar ta lura da abin da ya wuce mu duka, ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta sa ƙarin ruwa a hannun hagu ta bar na dama, tun da hannun kurma shi ne bakinsa. Da aka sallame mu na miƙa musu ɗan tukuici suka ƙi karɓa. Makonni bayan haka Yaya ta haɗu da tafinta ta biyu a wani gidan suna cike da kurame, suka gaisa, ba ta ko yi mata ya jiki ba sai da suka keɓe.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati su tanadi hanyar sadarwa ga marasa lafiyar da ba sa ji ko magana, Jihar Legas kuma tana da tata dokar tun 2011, wadda ta kafa LASODA, wato ofishin jihar mai kula da al'amuran masu buƙata ta musamman. Ina kira ga 'yan'uwa na Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 da suke da kurma a gida su riƙa neman tafinta tun daga wurin yankar kati, su daina ɗora wa yaro ƙarami nauyin fassara ciwon uwarsa. Ku kuma roƙona gare ku shi ne ku duba yiwuwar samar da tafinta mai kwana, domin ciwo ya fi tashi da dare.

Yaya tana samun sauƙi, ta koma sana'arta ta saƙar huluna, ta kuma ce in miƙa gaisuwarta ta musamman ga matan nan biyu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da haƙuri.

Naku cikin girmamawa,
Ƙanen marar lafiya, daga Agege, Legas