Layin dogo ne ya raya Nguru

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in tuna wa masu karatu cewa jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, ta Ringim da Malam Madori, kuma nan layin ya ƙare. Shi ya sa a wancan lokaci fatake daga Borno da Nijar suke sauke gyaɗa, ƙaro, fata da ƙirgi a bakin tasha, ana auna su a sikeli a loda a taragu. Kamfanonin Turawa suka kafa rumbuna, 'yan kudu suka zo ciniki, gari ya bunƙasa.

Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya cinikin, manyan motoci suka kwashe sauran kayan. Layin kuwa, da damina ruwa yakan zaizaye tsakuwar ƙarƙashinsa, ƙarfe ya karkace. Ya kamata hukumar jiragen ƙasa ta fara gyaran layin daga magudanan ruwa.

Naku,
Wani mai karatu, Nguru