Zuwa ga aminina a Yawunde, kan zancen autanka da ƙwallo

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da kasuwa. Mu nan Kano alhamdu lillahi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Saƙonka ya iso, har da bidiyon ɗan namu. Sau uku na kalla. Yadda ya yanke mai tsaron baya ya ɗaɗa ta da ƙafar hagu, gaskiya yaron yana da ƙafa, Allah ya raya shi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ka ce ya zo shagonka, wai ka ba da kuɗin biza da na jirgi ya kai shi gwaji Turai, da kuma yadda 'yan unguwa suka laƙaba masa suna Moukoko. To, tunda sunan ya shigo, bari in tuna maka labarin mai sunan, don na bi shi tun yana ƙarami.

Ka fi ni sanin tushensa, tunda Youssoufa Moukoko ɗan unguwarku ne, Briqueterie. An haife shi ranar 20 ga Nuwamba 2004. A 2014 ya koma Hamburg wajen mahaifinsa. Lura da wannan: gidan uba ya sauka, ba hannun dillali ba. Ya fara da ƙananan 'yan wasan St. Pauli, a 2016 Borussia Dortmund ta ɗauke shi.

Abin da ya yi a can kuwa, sai ka ce almara. Yana ɗan shekara 12 aka haɗa shi da 'yan ƙasa da 17, ya ci ƙwallo 40 a wasa 28. Kakar da ta biyo baya ya ci 50. Da aka ɗaga shi zuwa 'yan ƙasa da 19, ranar farko ya zuba wa Wuppertal shida shi kaɗai. A 2020 hukumar Bundesliga ta sauke shekarun fara buga gasar zuwa 16, kuma kowa ya san wa zai fara cin moriyar dokar.

Ina gidan kallo na bayan layinmu daren da ya fara, 21 ga Nuwamba 2020, kwana ɗaya da cikarsa 16. Hunturu ya fara shigowa, janareto na ta ƙugi, filin Berlin kuwa wayam saboda korona, kana jin ihun koci ta talabijin. Haaland ya ci wa Hertha huɗu, saura minti biyar aka fitar da shi aka sa yaron. Wani dattijo mai shayi da ke kusa da ni ya tambaya, "Wannan ɗan namu ne?" Na ce masa ɗan Kamaru ne, Jamus yake bugawa. Ya ce to ai Yusufa ne, namu ne. Ba a cika wata guda ba ya zama mafi ƙanƙantar shekaru da ya taɓa buga Gasar Zakarun Turai, a wasa da Zenit, sannan ranar 18 ga Disamba ya ci Union Berlin, ya zama mafi ƙanƙanta da ya taɓa cin ƙwallo a Bundesliga. A Nuwamban 2022 Hansi Flick ya tafi da shi Gasar Cin Kofin Duniya a Katar, ya shiga wasan da Japan ta doke su 2 da 1.

Iya nan 'yan unguwarku suke tsayawa da labarin. Saura fa?

Ƙwallon manya ba na yara ba ne. Saurin da yake tsere wa tsaransa da shi, manyan masu tsaron baya suna da irinsa, ga jiki ga wayo. Rauni ya riƙa kama shi. Dortmund kuma ba ta jiran kowa: ta kawo Haller, ta kawo Füllkrug, ta kawo Guirassy, yaron ya koma ɗumama benci, sai saura minti goma a ce ya tashi. A 2024 aka ba da shi aro ga Nice ta Faransa, can ma bai samu gurbi ba. A 2025 ya koma FC Copenhagen ta Denmark. Ga kuma zagin wariyar fata da aka yi masa a Instagram a 2023, yana sanye da rigar Jamus ta 'yan ƙasa da 21. Ban ce ya ƙare ba, yaro ne har yanzu, kuma ina yi masa fatan alheri. Amma wannan fa wanda yake da takardun zama, da uba a kusa, da likitocin kulob, da makaranta. Namu da za a damƙa wa baƙo a filin jirgi, me ya taka?

Ni dai shawarata, kada ka sayar da filin nan. Kulob ɗin da yake son yaro da gaske shi ke biyan kuɗin tafiya, kuma dokar FIFA ta hana kai ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai da wasu dalilai ƙalilan, kamar iyaye su yi ƙaura don wani abin da ba ƙwallon ba. Ka tambayi mutumin lasisinsa da takardar gayyata daga kulob, ka ga ko zai sake leƙo shagon. Yaron ya ci gaba da makaranta, ya yi atisaye da yamma a nan gida.

Ka turo mini lambar ƙafarsa. Akwai wani ɗan kasuwa da zai bi ta Garwa bayan sallah, zan ba shi takalmin ƙwallo ya kawo masa. Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tuni.

Naka,
amininka na Kano